Idon da ke Bayan Katako

Wannan babin naki ne, Maryam, ke da 'yan uwanki da kika aika wa bidiyon nan. Kin ɗauke ni a waya a babban kantin nan na Jidda, ina tsaye gaban na'urar da mai saye ke nuna mata kayansa ya biya da kansa ba tare da kowa ya karɓa ba, na ɗaga kai ina yi wa baƙin gilashin da ke liƙe a rufi sallama. Kika rubuta a ƙasa wai Yumma, wato ni uwarku, ta zo daga Gadarif tana gaisawa da kyamara. An ce mini jikokina sun yi dariya har da riƙe ciki. To, ku gama dariyarku, sannan ku zauna ku karanta. Ba don ado na koyi riƙe alƙalami da furfura a kaina ba. Tun kuna yara ake gaya muku cewa uwarku ce ta kashe shagon ubanku, dukkan kamar yadda Larabawa ke cewa, saboda zafin kai, kuma na san har yau wasunku haka suka ɗauka. Yau za ku ji daga bakina.

Ni da ubanku Adamu muka tayar da shagon nan a bakin unguwarmu, a hanyar da ke bi zuwa kasuwar hatsi, ɗaki guda a jikin katangar gidanmu. Da buhun gishiri da rabin buhun adas, ɗan ƙaramin waken nan na miya, muka fara. Shi ba mazaunin shago ba ne, da an shiga kakar riɗi yake bin motar 'yan aiki zuwa gonakin Fashaga, ba ya dawowa sai an gama yankan dawa da sussuka, bazara ta yi nisa. Ni ce a bayan tebur. Ban san baƙi ko ɗaya ba a lokacin, amma na san wanda ke son shatta, barkonon nan mai zafi, da wanda cikinsa ba ya ɗauka, na san matar da mijinta ya tafi gona bai aiko ba, na san ɗan aikin da zai shigo da tsawa don kada a gane aljihunsa ya yi sanyi. Kuma ina ba da gyara. Ku da kuka girma a ƙasar leda da lamba ba ku san ta ba. In an auna wa mutum malwa, wato mudunmu, ta cika, mai sayarwa yakan sa hannu ya ɗebo ɗan ƙari ya zuba masa a kai. Iyayenmu da suka taho daga yamma da ita suka zo. Larabawan unguwa ma sun koye ta a wurinmu, har da sunanta. Ba sadaka ba ce, mai kuɗi ma yana karɓa. Alama ce ta cewa na gan ka, ka dawo gobe.

Wadda ta fi kowa riƙe haƙƙinta na gyara ita ce Goggo Kande, tsohuwar da ke shiƙar riɗi a kasuwar hatsi. Ba danginmu ba ce, amma ita ta yanke wa Maryam cibiya. Kafin in sauke malwa za ta ce:

"Halimatu, ina gyarata? Ko hannun naki ya shanye?"

Ni kuma in ce, "Ga ta nan, Goggo, kada ki kai ni ƙara."

Sai ta ware gefen tob ɗinta, mayafin da muke naɗawa, in zuba mata, ta ƙulle daban. Ba ta taɓa yarda a haɗa mata gyara da abin da ta saya ba. Ta ce wannan kuɗinta ne, wancan kuwa mutuncinta.

Sai gwamnati ta sauya, aka shiga shekarun da kowane mai son gaba ya tsayar da gemu. A unguwarmu aka kafa kwamiti, maza 'yan kaɗan da a da ko gaisuwar mutuwa ba a jiran su, yanzu su ke faɗin wanda zai sami sukarin tamwin, na rabon gwamnati, da wanda ba zai samu ba. A daidai lokacin baffanku Siddiƙ ya dawo daga Saudiyya. Ku kun san shi dattijo mai carbi. Ni na san shi yaro mai majina, don da aka kawo ni gidan ubanku ni na riƙa wanke masa wando. Ya dawo da kuɗi, ya sayo firji, ya sa aka kafa kantoci har rufi, ya zama mai rabin shago. Ban ƙi ba, na ma yi murna. Ban san cewa abin da yake hange shi ne a ba shagonmu rabon sukarin unguwa ba.

Wata rana bayan la'asar ya same mu a tsakar gida, ubanku na shirin tafiya gona. Ya ce kwamiti ba ya jin daɗin ganin mace a tsaye tana ciniki da maza, tana dariya da 'yan aikin gona. Na ce to ya zo ya tsaya da kansa. Ya ce shi yana da harkoki. Na ce ya ɗauki ma'aikaci namiji. Ya ce ma'aikata ɓarayi ne. Daga nan ya fito da abin da ya zo da shi.

"Yaya, can inda na fito mutum da kansa yake ɗaukar kayansa, babu mai miƙo masa. Mu kuma za mu wuce su. Zai ɗauka da kansa, ya auna da kansa, ya jefa kuɗi a akwati da kansa. Dukkan na amana. Musulmi ba ya buƙatar mai gadi. Duk Gadarif za a ji labarinmu."

Na ce, "In Musulmi ba ya buƙatar mai gadi, me ya sa ka sayo wa firjin naka kwaɗo biyu?"

Bai yi dariya ba. Ya ce ai akwai sauran bayani. Za a raba bayan shago da siririn katako, a bar ɗan lungu da ƙofarsa ke buɗewa cikin gidanmu. Za a huda katakon daidai ido. Ni zan zauna a nan in riƙa kallo, ba tari, ba motsi, da yamma in gaya masa wanda ya ci amana. Mutane kuwa za a ce musu Halima ta bar kasuwa ta koma cikin gida, kamar yadda ya dace.

Na dubi ubanku. Yana ɗaure jakarsa, ya ƙi ɗago kai. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma bai taɓa iya ce wa mai kuɗi a'a ba, ko da ƙanensa ne.

"Um Maryam, ki yi haƙuri," ya ce. "Zamani ne. In sun ga dama gobe su rufe mana shagon gaba ɗaya. Da wanne za mu ci?"

Ku huɗu ne a lokacin, ƙaramin yana goye. Na shiga lungun. Duk wanda zai ce da shi ne da bai shiga ba, ya fara haifar huɗu a shekarar da kuɗi ya zama takarda, sannan ya zo mu yi magana.

Siddiƙ ya sa aka rubuta farashi a kwalaye aka liƙa a jikin kowane buhu. Ya ajiye ma'auni da malwa a kan tebur, da akwatin ƙarfe mai tsaga a ka, da faranti na canji. A jikin katakon ya rataya allo mai kyau da rubutun zinariya. Na tambaye shi me aka rubuta, ya ce, "Allah yana ganinka." Hudar tana ƙarƙashin allon nan, tsakanin gwangwanayen tumatir. Allah dai yana gani, ban musa ba. Amma idon da ke wurin nawa ne, mai kwalli, yana zubar da ruwa saboda ƙurar shatta.

Tun daga kakar riɗi har aka shiga zafin bazara ina cikin lungun nan a kan ɗan benci, gumi na bin bayana. Siddiƙ yana zaton ɓarayi zan gani. Abin da na gani daban ne. Na ga ɗan aikin gona ya shigo da ƙura har gira, ya tsaya gaban kwalin farashi yana kallonsa, bai iya karatu ba kamar yadda ni ma ban iya ba, ya juya hagu ya juya dama babu wanda zai tambaya, ya fita hannu wofi da yunwarsa. Na ga matan da ke auna malwa su shafe kanta da tafin hannu har ta gaza cika, don tsoron kada su zalunci akwati. Na ga wani babban mutum, mai sahun gaba a masallaci, yana zuba ganyen shayi a aljihu. Na ga amaryar makwabtanmu ta shigo ba don sayayya ba, ta jingina da firji ta yi kukanta ta share ido ta fita, don nan ne kaɗai wurin da take zaton babu kowa. Kowace yamma Siddiƙ zai tambaye ni wa na gani, in ce ban ga kowa ba. Suna ko ɗaya bai taɓa fita daga bakina ba, har na mai sahun gaban, kuma yau ma ba zai fita ba.

Abin da ya fi ci mini rai sallama ce. Mutanenmu ba su iya shiga wuri shiru ba. Kowa ya sako ƙafa sai ya ce salamu alaikum, ko da ya san babu kowa, wasu ma su ɗan dakata kamar suna jira. Ni kuwa ina nan, tsakanina da su bai fi kamu ɗaya ba, na danne bakina da gefen tob. Tun ina yarinya aka koya mini cewa amsa sallama wajibi ne. Masu gemu suka zo gyara mana addini, abin da suka fara hana ni shi ne wa alaikumus salam.

Da yamma mata kan shigo gida su same ni a kan angareb, gadonmu na igiya, ina tsince shinkafa, su ce sun yi kewata a shago, su ba ni labarin abin da na riga na gani da idona. Goggo Kande ta zo ta zauna ta ce:

"Wannan shagon naku ya zama maƙabarta, Halimatu. Ka yi sallama, gwangwani ya kalle ka. Ni dai ba na barin gyarata. In na auna sai in tambaya, in ba kaina amsa da muryarki, in ɗiba. Kin yafe?"

Na ce, "Goggo, haƙƙinki ne. Ki ɗiba har ranar da ɗayanmu zai mutu."

Na san tana yi, don kusan kullum ina kallonta. Amma ban gaya mata ba.

Ranar da abin ya fashe, da hantsi ne. Siddiƙ ya gayyato mutum biyu daga kwamiti su ga dukkan na amana da idonsu, don maganar sukari ta kusa faɗawa. Suna tsaye a bakin ƙofa daga waje yana yi musu bayani da Larabcinsa na Saudiyya, Goggo kuwa tana ciki, ta ba su baya, ga kunnenta ya yi nauyi. Ta auna adas malwa ɗaya, ta jefa kuɗinta a akwati. Sai ta dubi wurin da nake tsayawa a da, ta ce da ƙarfi:

"Halimatu, ina gyarata?"

Ta sirantar da murya ta amsa wa kanta, "Ga ta nan, Goggo, kada ki kai ni ƙara."

Ta sa hannu a buhu ta ɗebo cikin tafi guda, ta ƙulle a gefen tob.

Ɗaya daga cikin baƙin ya ce, "Ya Ustaz, wannan ce amanar?" Na ga fuskar Siddiƙ ta sauya. Ya san gyara sarai, da ita aka yi masa tuwon da ya girma. Da ya ce al'adarmu ce, da magana ta mutu a nan. Amma a gaban waɗannan mutane ba ya son a tuna cewa shi ɗan Hausawa ne, jikan masu tafiya Makka a ƙafa. Ya yi tsalle ya damƙe hannun tsohuwar da ta girmi uwarsa.

"Ɓarauniya! A gaban sunan Allah kike sata?"

Goggo ba ta ma gane da ita ake ba. Ta ce, "Siddiƙu, sakar mini hannu, gyarata ce." Ya kwance ƙullin, adas ya zube a ƙasa. Mutane suka fara taruwa. Baƙin suka ce sun gani da idonsu, shaidu biyu sun cika, a kira motar hukuma. Ku ba ku san shekarun nan ba. Akwai inda ake kai mutum a yanke masa hukunci kafin shayi ya huce, a shimfiɗe shi a fili a zane shi, tsoho ko yaro, mace ko namiji. Na ga tabon bulala a bayan matan da aka kai can. Goggo Kande ba za ta tashi daga ƙarƙashin bulala ba. Ko ta tashi, sunan ɓarauniya zai raka ta kabari.

Kada ku ce zafin kai ne ya ɗebe ni. Na yi tunani, kuma na san abin da zan rasa. Ina iya zagayawa ta cikin gida in fito ta titi kamar yanzu na ji hayaniya, amma kafin nan sun jefa ta a mota, kuma wa zai saurari macen da ba ta wurin? Sai na miƙe na sa ƙafa na doki katakon. Siriri ne, na gaya muku baffanku ba ya son kashe kuɗi. Ya faɗo gaba ɗaya da kantocinsa, gwangwanayen tumatir suka gangara har titi, allon zinariya ya kife a kan buhun gishiri. Ga ni tsaye a cikin lungu da bencina da butar ruwana, jama'a na kallo.

Na ce, "Sake ta. Ni na ba ta. Gyara ce, kuma rabin shagon nan na mijina ne, ni na tara shi da hannuna. Wanda aka ba shi abu ba ɓarawo ba ne, ko a littafinku."

Ɗaya baƙon ya nuna lungun ya ce, "Wannan kuma mene ne?"

Na ce, "Amanar ce. Tun kakar riɗi nake zaune a nan ina yi wa Ustaz gadi ta wannan hudar. Ku leƙa ku gani, ana hango har ƙofa."

Siddiƙ ya saki hannunta. Baƙin suka kaɗe rigunansu suka tafi, maganar sukari ta bi su. Na ɗauka shi ke nan, na yi abin da ya kamata. Na durƙusa ina tattara wa Goggo adas ɗinta daga ƙasa. Da na ɗago na miƙa mata, sai na ga irin kallon da take yi mini.

"Kina nan?" ta ce. "Duk ranakun nan kina nan?"

"Ina nan, Goggo."

"Ina yi miki sallama kina ji? Ina kwaikwayon muryarki kamar mahaukaciya kina kallo? Na zo gidanki na ba ki labari, kika bar ni ina ba ki?"

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu.

"Riƙe gyararki, Halima."

Ba ta taɓa kirana Halima ba sai ran nan. Ta ɗauki malwar da ta biya, ta ratsa mutane ta fita. Na duba fuskokin da ke ƙofa, na ga kowa ya shiga tuna abin da ya yi a shagon nan lokacin da yake zaton shi kaɗai ne. Amaryar makwabta ta ja tob ta rufe fuska. Mai sahun gaba ya sulale.

Babu wanda ya sake sayen ko ashana a wurinmu. Siddiƙ ya kwashe firjinsa, ya bi gida gida yana cewa matar yayansa ta haukace ta rushe musu arziki. Bai daɗe ba ya sami wata hanyar shiga wurin manya, irinsu ba sa rasawa. Unguwa ta yafe masa, don shi namiji ne mai dabara da dabararsa ba ta ci ba. Ni ce ba a yafe wa ba, don ni ce idon. Mata suka daina shigowa gidana, in na doso famfo hira ta mutu. Ubanku ya dawo daga Fashaga ya tarar da shago a rufe. Bai zage ni ba, bai sake ni ba. Abin da ya ce kawai:

"Da kin yi shiru, da wataƙila sun bar ta da gargaɗi."

Da wataƙilar nan ya rayu har ya mutu, kuma ita ya bar muku gado.

Na koma kasuwar hatsi ina shiƙar riɗi a kan lada, da faifai a rana, ni da na yi shekaru a bayan teburina. Da wannan ƙurar na biya muku makaranta. Goggo Kande na shiƙa a rumfar da ke kallon tawa. Kullum da safe in ce mata ina kwana, ta juya faifanta. Ban fasa ba, ita ma ba ta fasa ba, har shekarar da ta kwanta. Na je wankan gawarta, 'yarta ta tare ni a ƙofa ta ce ta bar wasiyya kada idona ya ga jikinta. Na tsaya a waje har aka fito da ita. A shekarar ce na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan kasuwa, don na rantse ba wanda zai sake rataya rubutu a saman kaina sai na karanta shi da kaina.

To, Maryam, da kika ja ni gaban na'urar nan kina cewa, "Yumma, dubi ci gaba, babu mai karɓar kuɗi, babu mai tsaron kowa," ni sama na duba, don na san inda ake huda katako. Na ga baƙin gilashin. Na san a wani lungu na ginin nan akwai ɗan wani ko 'yar wani, wataƙila baƙuwa ce da ta bar yara a ƙasarsu, an zaunar da ita tana kallon dubban mutane suna auna wa kansu, an hana ta magana, da yamma a tambaye ta wa ta gani. Kowa ya shigo ya fita, babu wanda ya san tana nan. Shi ya sa na yi mata sallama. Na san ba za ta iya amsawa ba, ni ma ban iya ba.

Kada ki goge bidiyon. Ki sake kallonsa, ki duba bakina da kyau bayan na yi sallamar. Za ki ga na ɗan dakata, sannan na amsa mata da kaina.